Kujerar Inna a Bayan Tsohuwar Fowil

Kun taso kuna jin mutanen Wurno suna cewa wai ni ne mutumin da ya sayi motar ɗaukar kaya ya mayar da ita gadon kwana. Baffanku Sambo ne ya baza wannan labari, kuma har ya koma ga Allah bai daina ba da shi yana ƙyalƙyala dariya ba. Na san a cikinku ma akwai waɗanda suka ɗauka wauta ce ta ƙuruciya. To ni ba yaro ba ne a lokacin, gemuna ya fara furfura, kuma da hankalina na yi abin da na yi. Tunda yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka shiga motar nan a ranar, gara ku ji daga bakina.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Goronyo, ana ta haƙa magudanun ban ruwa, masu aikin sukan yi gwanjon motocinsu da suka gaji. A nan na samo ta. Fowil ce mai shan man gas, wato irin motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja, wadda ba ta tsoron yashi ko taɓo. Amma a ranar da na kawo ta ko tari ba ta yi, tarakta ce ta jawo ta har bayan gidanmu, ƙofa ɗaya a ɗaure da igiya, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Mutanen unguwa suka fito suna yi mini barka da bakin da ke cewa Allah ya kyauta. Mutum ɗaya ne ya zagaya ta yana murmushi, shi ne Labbo bakanike, abokina tun muna makarantar allo. Ya ɗaga murfin injin, ya shinshina, ya ce ba mutuwa ta yi ba, wulaƙanta ta aka yi.

Muka baje injin nan a kan tabarma. Labbo ya canja abin da ya ci, ya wanke abin da ya toshe, ni kuma ina miƙa sifana ina shan faɗa. Ranar da ta tashi, ta fara da wani tari mai nauyi, ta watsa baƙin hayaƙi da ya rufe rabin unguwa, sannan ta daidaita ta kama ruri. Na rungume Labbo da baƙin mai a jikinsa, riga ta lalace ban damu ba. Daga nan muka shiga gyara ta don aikin da na saye ta. Ni da Sambo albasa muke nomawa a fadama, manyan motoci kuwa a bakin kwalta suke tsayawa, sai an yi ta jigila da jakuna. Nufina fowil ta shiga har gona ta kwaso buhuna ta kai kasuwar Goronyo. Muka sa mata manyan tayoyi. Muka ɗaga bututun da injin ke shaƙar iska har saman gilashi don ta iya ratsa gulbi. Kafinta ya yi mata dogon bodi na katako. Sai sifirin, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa a kan ƙafafun mota su tare nauyi: Labbo ya samo na wata matacciyar babbar mota ya ƙara mata, har ta tsaya ɗoɗar, gindinta a sama. Duk wanda ya gan ta ya san za ta ɗauki kaya.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da kakarku Inna, don ku 'yan zamanin nan da kuke zama kan gadon uwayenku kuna cin abinci kwano ɗaya ba za ku gane ba sai an yi muku bayani. Ni ne ɗanta na fari, shi ya sa ake kirana Dikko. A wurin mutanenmu na da, mace tana jin kunyar ɗan fari, kuma Inna ta riƙe wannan kunya da ƙarfi fiye da kowa da na sani. Tun da aka yaye ni aka ba da ni ga Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta raine ni a ɗaya sashen gidan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata. In na shiga gaishe ta sai ta juya wajen bango ta amsa wa ɗakin. In tana da magana da ni sai ta gaya wa wani, ko da ina tsaye a wurin, kuma abin da take kirana shi ne ɗan Goggo. Sambo kuwa, da shi take hira, ta zage shi, ta ba shi ƙanzo da hannunta. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma ba zan ɓoye muku ba, ina da 'ya'ya a lokacin kuma ina jin kishin ƙanena.

Ana cikin bazara, albasa ta nuna, sai labari ya zo daga ƙauyen su Inna, can gabas da Goronyo, a tsallaken gulbi. Garin yana cikin wurin da ruwan madatsa zai kwanta, an ce su tashi kafin damina, kuma har an fara rarraba mutane zuwa sababbin wurare. A can yayarta take, Adda Kulu, wadda ta goya ta bayan rasuwar uwarsu. Adda ta makance. Inna kuma gwiwoyi da ciwon baya sun hana ta hawa jaki, balle bayan babbar mota, shekaru sun tafi ba su haɗu ba. Daga ranar ta rage cin abinci. Wata safiya na shiga gaisuwa na tarar da Goggo a ɗakin, sai Inna ta yi magana tana duban bango.

"In sunka kwashe su, wa ya san inda za su aje ta? Ita ba ido, ni ba ƙahwa. Mun gama ganin juna, Goggo, sai dai lahira."

Na fito na tsaya a bayan gida ina kallon motata. A nan na ƙudura cewa Inna za ta ga yayarta kafin ruwa ya zo, kuma ni zan kai ta.

Na fara gaya wa Goggo. Ta ce sai ta ɗanɗana motar da kanta tukuna. Muka shimfiɗa mata tabarma da matashi a baya, muka ɗaga ta muka ɗora, na ja a hankali na bi hanyar fadama. Motar da aka ɗaure don buhuna, in babu kaya a kanta tsalle take yi a kan kowace kunya da kowane rami. Ba mu yi nisa ba na ji ana dukan katako.

"Dikko, tsai da ita! Tsai da ita in sauka! Wagga aba ba don mutane anka yi ta ba. Haƙorina guda da yar rage, ga shi nan shina girgiza. In ka ɗora uwaka bisa wagga, gawa za ka kai ma Kulu."

Labbo yana gefe yana riƙe da ciki don dariya. Da ya natsu ya buga ƙarafan da ƙafarsa.

"Sifirin na. Mun ɗaure ta don buhu, buhu ko ba shi kuka. In kana son ta ɗauki tsohuwa, sai mun hidda ƙaruhwan ga, mu kwance bodin ga mu yi rumhwa da kujera. Amma ka sani, in munka yi haka, albasar bana ba ta hawa bisa ta. Ka zaɓa."

Sambo da ya ji, a tsakiyar gona ya same ni, ya jefar da fartanya.

"Yaya, mi ya same ka? Albasa tana ƙasa tana jiran mu, rana tana cin ta. Bari mu kwashe tukuna."

"In munka tsaya kwasa, sun tashi. Hadari ya hwara haɗuwa gabas, kai ma ka gani."

"To wa ya ce maka za ta shiga? Inna ta shiga motaka? Ko ruwa ka kawo mata sai an juye cikin wata moɗa kahin ta sha."

Wannan magana ta shige ni, don gaskiya ce. Zan iya rasa albasa kuma in rasa tafiyar. Na ce masa na ji, ya nemi masu jakuna da raƙuma su fara jigila, ni ina da aiki. Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai gaisuwa.

Aikin sassautawa ya fi na ɗaurewa wuya, abin da ban sani ba ke nan. In ka cire ƙarfe da yawa mota ta zauna a kan tayoyinta, in ka bar da yawa ta ci gaba da tsalle. Ba mu da wani ma'auni, sai Labbo ya aika aka karɓo ƙwarya daga cikin gida. Mukan cika ta da ruwa mu ajiye daidai inda Inna za ta zauna, in ja motar in ratsa wata tsohuwar gona mai kunyoyi in dawo, mu duba abin da ya rage. A karon farko ƙwaryar ma a ƙasa muka tsince ta. Sai mu ɗaga motar a kan jak da kututture, mu kwance, mu zare falle ɗaya, mu ɗaure, mu sake cika ƙwarya. Kowane zagaye yana cin yini, wani lokaci fiye, ga zafin bazara, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Muka jira wasu sassa daga Sakkwato har na fara fid da rai. Muka gano in an ɗora buhun yashi a can baya motar tana ƙara natsuwa, in an rage iskar taya kuma tana ƙara laushi. Mutane suka mayar da wurin dandalin kallo, masu dawowa daga masallaci sukan tsaya su leƙa ƙwarya su ba da shawara. Ranar da na zagayo ruwan yana nan sai ɗan abin da ya jiƙa gefe, wani tsoho ya yi kabbara, Labbo ya ɗauki ƙwaryar ya shanye ruwan da ƙurarsa. Ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba.

A waɗannan makonni albasarmu tana fita kaɗan-kaɗan a bayan jakuna. Wadda ta daɗe a gona zafi ya dafa ta, wadda ta isa kasuwa ta isa a makare, dillalai suka saye yadda suka ga dama. Shekarar ba mu ci ribar komai ba, kuma kason Sambo ya shiga ciki ba da son ransa ba. Wannan shi ya ba shi lasisin yi mini dariya har ƙarshen ransa, ni kuma ban taɓa hana shi ba.

Kujera muka samo daga wata tsohuwar bas, mai katifa ya farke ta ya cusa audugar rimi. Mai walda ya yi matakala ƙasa-ƙasa da abin riƙewa, don kada sai an ɗaga ta. Kafinta ya sauke dogon bodinsa yana gunaguni, ya kafa rumfa. Na so in sa kujerar a bayana daidai, sai Goggo ta zo dubawa ta riƙe baki.

"Kai dai ba ka da wayo. Ta zamna tana kallon ƙeyaka tun daga Wurno har gulbi? Ba ta shiga. Sa katako tsakani, ka rataya labule, kujera ta dubi gehe."

Haka muka yi. Sauran aikin kuwa, na shawo kan Inna, Goggo ta ce in bar mata, kuma kada in kuskura in nuna don ita aka yi wani abu. Ta je ta ce wa Inna ita ce za ta gaisuwa wajen Goronyo, tsoron mota take ji, tana neman 'yar rakiya.

Da hantsi muka tsayar da motar a ƙofar gida. Ni ina zaune a gaba, Labbo a gefena. Can sai ga su sun fito, Goggo a gaba, Inna a baya da sandarta da ɗan ƙullin kaya, ta yafa zanenta mai kyau wanda ba ta sawa sai da salla. Ta tsaya ta dubi motar tun daga taya har rumfa.

"Goggo, motar wa ta?"

"Ta haya ta."

"To."

Ta sa ƙafa a matakala, ta kama ƙarfe, ta hau da kanta. Na ji motar ta ɗan lotsa ta karɓe ta. Labbo ya tsunkule ni a cinya, na kasa dubansa don kada in yi abin kunya.

Har Goronyo hanya ba ta ba mu wahala ba. Daga nan muka bar ta muka shiga yashi, muka rage iska, na ja ƙaramar giya na sa ƙafafu huɗu aiki. Motar ta riƙa tafiya tana lilo a hankali. Muka yi ta gamuwa da mutanen da ke tashi, amalanke cike da tukwane da azara, wasu sun ɗauko jinkar ɗaki sukutum a ka, ƙafafunsu kawai ake gani. A mashigin gulbi ruwa ya fi yadda aka gaya mana. Labbo ya naɗe wando ya shiga da sanda yana taɓa ƙasa, ya ɗaga mini hannu. Na yi bisimilla na shiga. Ruwa ya hau taya, ya hau matakala, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa yana jiƙa mini ƙafa, injin kuwa yana ta ruri yana shaƙar iskarsa ta sama. Goggo ta kama salati da ƙarfi tana haɗawa da zagina. A tsakiya ƙafar baya ta ɗan zame, motar ta karkata, sannan ta ciji ƙasa ta miƙe ta haura gaɓa tana zubar da ruwa. A nan na ji wata dariya daga bayan labule wadda ba ta Goggo ba, siririya, irin ta yarinya. Ban taɓa jin Inna tana dariya kusa da ni haka ba.

Mun tarar da garin rabi a kwance, ɗakuna ba jinka, rumbuna a buɗe. Amma Adda Kulu tana nan, a zaune a ƙofar ɗakinta cikin ƙulle-ƙullen kaya. Inna ta sauka ba ta jira sanda ba. Ba ta yi sallama ba, sai ta durƙusa ta ɗora kanta a cinyar makauniyar. Adda ta shafa kan, ta shafa kunne, ta shafa tsagar fuska, sai ta ƙwala ihu ta kira ta da wani sunan yarinta da ko Goggo ba ta san shi ba. Mata suka taru ana kuka ana guɗa, ni kuma na ja jiki na ba su wuri.

Na kai motar inuwar wata tsamiya a bayan dangar gidan. Tun daga gulbi nake jin wani ƙara a ƙasa, don haka da Labbo ya tafi neman abinci bayan azahar, sai na ɗauki sifana na shige ƙarƙashin motar in ƙara ɗaure ƙusoshin sifirin. Ina kwance rigingine sai na ga ƙafafu huɗu suna tahowa a hankali, biyu suna jan biyu. Na gane zanen. Kafin in yi tunanin fitowa sun iso, Adda tana cewa sai ta taɓa abin da ya kawo mata ƙanwarta. Suka hau. Ƙarafan suka sauko a hankali a kan fuskata suka tsaya. In na motsa yanzu na kunyata Inna, don haka na ɗora sifana a ƙirji na yi shiru.

"Kai, wanga laushi! Mi anka sa ciki?"

"Audugar rimi ta, Adda. Shahwa nan ki ji. Da ba haka take ba, da tsalle takai, ta kusa kashe Goggo. Ƙaruhwan ƙasa ya riƙa hiddawa guda guda. Shi aje ƙwarya da ruwa nan inda kike zamne, shi zagaya, shi dawo shi duba, shi koma ƙasa cikin rana. Ƙwaryata ta ma, sun ɗauka ban sani ba."

"Ke ina kinka ga duk wanga?"

"Akwai kahwa jikin katanga bayan rumbu. Kullum ina nan. Ranar da ruwan bai zube ba, ni ma sai da niy yi guɗa cikin zane. Albasatai ta ruɓe gona, Adda, bai ce ma kowa komi ba."

"Wa ke nan?"

"Ke ko, Adda."

"Hwaɗi mana. Ba kowa nan, daga ni sai ke."

Sannan Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Goggo riƙo tay yi. Amma nawa na. Ni nih haihe shi, kuma duk Wurno babu mai ɗa irin nawa."

Hawaye suka gangaro mini ta gefe suna shiga kunnuwana, baƙin mai yana ɗiga a hulata, ni kuma ina cije da hannun riga don dariya ce take son kufce mini. Suka zauna a kaina suna hirar mutanen da suka mutu da waɗanda suka yi aure har inuwa ta juya, bayana ya ƙage, tururuwa suka gama da wuyana, ban motsa ba. Sai da aka kira la'asar suka sauka, na bari suka shige sannan na fito ta ɗaya gefen.

Adda Kulu ta ce ita fa ta sami wurin zama, ba za ta bi kowa sabon gari ba, ɗanta ya yi ta lallashi har ya haƙura ya ɗora mata ƙullinta. Tare muka dawo da ita, kuma a ɗakin Inna ta ƙare kwanakinta. Da za mu tashi, Inna ta zo ta wuce ni fuskarta a juye kamar kullum, ta ce wa Goggo a gaya wa direba ya bi a hankali. Ba ta taɓa sanin ina ƙarƙashin motar ba, ban gaya wa Sambo ba, ban gaya wa uwarku ba, ku ne na farko. Na ja su a hankali kamar yadda ta ce, su uku suna ta surutu a bayan labule, har Labbo ya gaji ya ce in taka mana, ko so nake magariba ta same mu a gulbi. Ban taka ba, don ba na so hanyar ta ƙare.